Turke Ba Rumbu Ba Ne

Asabar, 3 ga Maris, 2018

Yau an yi mini naɗi. 'Yata Kellumi ta koma makaranta Girei, jarrabawa ta matso, ta bar mini amanar kwamfutarta. Ni Modu mai huluna, da na bar boko a aji biyu saboda malamin lissafi ya tsane ni (gaskiya lissafin ne ya tsane ni, malamin ba ruwansa), yau ni ne Sarkin Kwamfuta na unguwar Damilu, Yola. Matata Jannatu ta ce ina rawanin? Na ce uwargidan sarki ce ke sayowa.

Kwamfutar irin mai ƙaton akwatin nan ce, ba ta ɗaukuwa, ta zauna mana a falo kamar baƙuwar da ta ƙi sallama. A cikinta aikin Kellumi na gama jami'a yake: muryar Ya, mahaifiyata. Tun damina yarinyar take zama gaban kakarta da waya, tana ɗaukar waƙoƙin niƙa da tatsuniyoyin garinmu na Borno, tana juyewa a akwatin. Wayar wani ɗan halak ya zare ta a keken haya watan Janairu. Ba a jima ba Ya ta faɗi a bakin randa. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma hannun dama bai tashi ba, magana ma ba ta tashi ba.

Wato muryar tsohuwa yanzu wuri ɗaya take a duniya, kusa da fankata.

Da za ta fita ta ce, “Baba, ka je wurin Anti Hilda a yi bakaf. Don Allah kada ka ce gobe.”

Na ce gobe.

Litinin, 5 ga Maris

Ashe akwai karta a ciki. Ba wanda ya gaya mini. Ta ci ni, na ci ta, ta ƙara ci na.

Laraba, 7 ga Maris

Na je unguwar Jambutu wurin Hilda, matar wani Philemon, mai shagon buga takardu. Ita ta samo wa Kellumi kwamfutar. Mutuniyar Numan ce, Hausarta ba ta san mace ba, kowa “shi” ne, har matata.

Ta zaunar da ni gaban tata kwamfutar ta ce, “Baba Kellumi, ka buɗe kunne. Abu biyu ne. Na farko risto foyin. Za ka gaya wa kwamfuta: ka riƙe yadda kake yau. In ya haukace gobe, ka dawo da shi yau ɗin.”

Na ce, “Madam, ai wannan turke ne. Duk inda akuya ta yi yawo, ka ja igiya ta dawo gindinsa.”

Ta yi dariya har ta buga tebur, ta ƙwala wa mijinta kira ya zo ya ji. Philemon ya ce da na ƙarasa makaranta da yanzu ni ke koyarwa a Girei. Na ce Allah ne ya tsare yaran mutane.

Abu na biyun ta faɗa, tabbas ta faɗa. Wani zance ne na filashi, in sayo babba in kawo akwatin a juye. Amma ni lokacin ina can ina shan romon turkena. Na ce in sha Allahu. Ta nuna mini inda ake dannawa, na haddace kamar Ƙulhuwallahu.

Alhamis, 8 ga Maris

Na kafa turke na farko. Abin da ya fi burge ni, kwamfutar sai ta tambaye ka sunan da za ka sa masa. Rabon da wani ya nemi shawarata kan suna tun haihuwar Kellumi, shi ma ba a ɗauka ba.

Na rubuta: Ranar da Modu ya waye.

Lahadi, 11 ga Maris

Turaka sun yi yawa. Akwai “Kafin zafi ya kashe mu”, akwai “Bobboyi ya zo bai kawo komai ba”, akwai “Shinkafa ta ƙone”. Wannan na ƙarshen Jannatu ta gani ta bayan kafaɗata. Ashe karatunta ya fi yadda take nunawa. Daren jiya tuwona ba nama.

Da yamma na zauna da Ya a zaure, nan iska ta fi. Na ba ta kunu da cokali, rabi a baki rabi a zane. Na yi mata barkwanci, na ce Hajiya an zama manya, sai an ba ki a baki. Ta dube ni da idon nan nata. Da can da ta wanke ni tas da Barbarci.

Shekara huɗu tun da garinmu ya watse ta dawo wurinmu, tana yi mini Barbarci ina mayar mata da Hausa, kamar mai ba da canji da kuɗin wata ƙasa. Ni tun ina saurayi Yola ta wanke mini baki. Fillancin kasuwa ma ya fi zama a harshena. Kellumi ce ta ɗauki yaren a wurinta, ta tsallake ni kamar kwata.

Yarinyar ta kira. “Baba, an yi bakaf?”

Na ce, “An yi. Ba ɗaya ba ma.”

Ta ce Allah ya saka. Na ji daɗi.

Juma'a, 16 ga Maris

Bobboyi, maƙwabcin rumfata mai sayar da takalma, ya biyo ni gida bayan masallaci da filashi cike da bidiyon kokawa. Bafillatanin nan tun da ya ji ina da kwamfuta ya hana ni sakat. Ya ce, “Babarbare da injin Bature! Kai da sai an zana maka fuska kafin ka gane kanka a madubi.” Na ce ya bari in nuna masa abin da kakansa bai gani ba a bayan saniya.

Muka cusa filashin. Kwamfutar ta ce ba wuri. Wani layi ya yi ja wur. Bobboyi ya yi ta dariya, ya ce cikin injin ma irin na mai shi ne, ya cika da banza.

Ya bar mini filashin.

Asabar, 17 ga Maris

Na yi shara.

Da farko, kamar mai hankali, na kafa turke na sa masa “Kafin shara”. Sannan na shiga leƙe-leƙe. Inda Kellumi ta rubuta sunan aikinta ban taɓa ba, ni ba mahaukaci ba ne. Amma can gefe na sami wata folda wai ita “sabo 2”, cike da abubuwa marasa suna, lambobi kawai, kowanne da nauyi kamar buhun gero. Na danna ɗaya, shiru. Na danna wani, shiru. Na ce tarkace ne. Ko ma ba tarkace ba ne, ga igiyata a hannu.

Na zuba su a kwandon shara, na kuma zubar da kwandon. Layi ya koma shuɗi. Kokawa ta shiga tsaf.

Na ce wa Jannatu yau na zubar da shara da kaina. Ta ce a rubuta a tarihi, ta tsakar gida kuma tana jiran mai ilimi.

Bobboyi ya zo da yamma, ya ce ya ba ya jin kiɗa? Ashe wayar lasifika ce ta fita ta baya. Ya mayar, ganga ta tashi. Mun sha kallo.

Lahadi, 25 ga Maris

Kellumi ta kira da murna. Wata malamarsu ta ce mata masu irin ciwon Ya, wani lokaci maganar da ta ƙi fita takan biyo waƙa ta fito. Ta ce in kunna wa Kaka waƙar rijiyoyi, wadda matan garinmu ke yi a kan dutsen niƙa, suna jero rijiyoyin hanyar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ita ce zuciyar aikinta, ta ce, ba wanda ya rage da ya iya ta sai Kaka.

“Baba, ka shiga gefen hagu. Za ka ga folda, sabo 2.”

Na ce mene?

“Sabo 2. Duk muryoyin suna ciki, ban samu na sa musu suna ba.”

Fanka na juyawa a kaina na ce mata an ɗauke wuta.

Ban damu sosai ba. Wallahi ban damu sosai ba. Ina da turke.

Litinin, 26 ga Maris

Ban je kasuwa ba. Na ja igiya.

Na zaɓi “Kafin shara”. Kwamfutar ta yi tunani, ta mutu, ta farfaɗo, ta ce mini an yi nasara. Har na ce alhamdu lillahi. Na duba gefen hagu. Babu. Na koma “Shinkafa ta ƙone”. An yi nasara. Babu. Na bi su ɗaya ɗaya har “Ranar da Modu ya waye”.

Kokawa tana nan daram. Karta tana nan.

Talata, 27 ga Maris

Hilda ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. A nan na san ba lafiya.

Ta ce, “Baba, turke ɗin ka yana dawo da akuya. Ba ya dawo da ciyawa da akuya ya ci. Shi hankalin injin kawai yake gyarawa, ba ruwan shi da kayan ka. Kaya sai ka kwashe ka kai wani wuri. Shi ne abu na biyu da na gaya maka.”

Na ce wato rumbu.

“Ka kira shi duk abin da kake so, abeg. Ka yi?”

Ban yi ba.

Ta ce akwai sauran dabara. Wai in ka share abu, kwamfuta ba ta fitar da kayan daga ɗaki, sunan mai ɗakin kawai take gogewa a ƙofa, ta ce haya ta tashi. Kayan suna nan har ranar da aka saka sabon ɗan haya, shi ne zai tattake su. Akwai manhajar da ke bin ɗakunan tana leƙawa.

“Bayan ka share, ka saka wani abu?”

Na ce ɗan kaɗan.

“Mene?”

Na ce kokawa.

Ta ɗora hannu biyu a ka. Philemon da ke gyaran janareto a waje ya leƙo ya koma.

Ta sa na je na cire wayar wuta gaba ɗaya, na rungumo akwatin a keke kamar mai kai mara lafiya asibiti. Ta ce ba za a ƙara kunna ta ba, duk kunnawa ɗan haya ne. Sai an ciro faifan ciki an haɗa da wata kwamfutar, kuma wayar haɗin tana wurin ƙaninta Apollos, ya tafi gida Ista. Sai Talata mai zuwa.

Ta raka ni bakin titi ta ce, “Ka yi addu'a irin naku, ni ma zan yi irin namu. Wannan mako ai na tashi daga kabari ne.” Ta so in yi dariya. Na yi mata, don ta yi ƙoƙari.

Alhamis, 29 ga Maris

Na gaya wa Jannatu. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsoshi. Ta ajiye tsintsiya ta zauna a kan turmi, sannan ta ce, “Baban Kellumi, ka ci abinci kuwa?”

Gara zagin.

Juma'a, 30 ga Maris

Na kira yarinyar. Na fara da wasa, na ce kin san ubanki da tsafta. Ba ta kama ba. Sai na faɗa mata yadda yake.

Ina jin hayaniyar ɗalibai a bayanta.

“Amma ka ce an yi bakaf.”

Na ce na ɗauka turke ne bakaf.

“Turken me, Baba?”

Ban iya bayani ba. Barkwancin da ya sa Hilda buga tebur, a waya ya zama ba komai.

Ta ce, “To. Ina da karatu.” Ta kashe.

Lahadi, 1 ga Afrilu

Hilda ta aiko da shinkafar Ista da kaza. Mutum ya ɓata aiki a kuma ciyar da shi.

Inda akwatin yake a falo ya bar alama a kan leda, murabba'i mai haske. Ya tana kallon wurin. Ban san me ta sani ba. Kunnenta dai lafiya lau, kuma gidan nan ba a iya raɗa.

Laraba, 4 ga Afrilu

Tun safe muna shagon Jambutu. Apollos ya ciro faifan, ɗan abu kamar sabulun wanki. A ce duk tsufan Ya da waƙoƙinta a nan suke. Suka haɗa, manhajar ta fara bin ɗaki ɗaki. Wani koren layi yana tafiya kamar hawainiya mai ciwon ƙafa. Hilda ta hana ni matsowa, ta ba ni kujera can bakin ƙofa, ta ce hannuna ya zauna a aljihu. Masu zuwa buga takarda suna ɗauka maigadi ne. Ɗaya har ya ba ni ajiyar keke.

Bayan la'asar kayan suka fara fitowa. Hilda ta danna na farko.

Muryar Ya ce. Tana tari, tana ce wa Kellumi ta matsar da abin nan daga bakinta, ita ba mai shela ba ce. Sannan ta fara tatsuniyar kura da ɗan maraƙi.

Rabona da muryar nan tun Janairu. Hayaƙin janareton Philemon ya shiga mini ido, na fita waje. Ya kamata ya gyara abin nan.

Yawanci sun dawo. Tatsuniyoyi, waƙar daɓe, hirar yadda aka yi aurenta, duk lafiya. Kaɗan sun dawo a tattake. Muka nemo ta rijiyoyi. Ta fara da kyau: rijiyar makaho, rijiyar ruwan ɗaci, rijiyar da akuya ta faɗa. Daga nan ƙiiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Sauran babu. Apollos ya sake bi ta wata hanya, ya girgiza kai. Wani ƙaton ɗan kokawa yana zaune a kan sauran waƙar uwata.

Kafin in tafi Hilda ta sa na sayo filashi biyu a shagon gaba. Ta juye komai a gabana, ta buɗe kowanne ta kunna don in ji da kunnena cewa ya shiga. Ɗaya na gida, ɗaya ta kulle a durowarta, ta ce in wuta ko ruwa ya ci Damilu, Jambutu yana nan. Ta kuma tura wani can intanet da sunan Kellumi.

“Rumbu uku,” in ji ta. “Turke ɗin ma ka ci gaba, yana da amfanin shi. Amma ka san aikin kowa.”

Na ce na sani yanzu. Karatun da aka biya da tsada ba ya zubewa.

Asabar, 7 ga Afrilu

Kellumi ta dawo. Ta gaishe ni yadda ake gaida uba, ba ragi ba ƙari. Ta zauna ta saurari duk abin da aka ceto, tana sa wa kowanne suna. Da ta zo kan ta rijiyoyi ta kunna ta sake kunnawa. Ta ce rijiyoyin bakwai ne, ta tuna wannan, amma sau ɗaya ta ji waƙar, ba ta riƙe sunayen ba.

Sai ta ce bari dai a gwada abin da malamarsu ta faɗa. Ta ja lasifika har zaure.

Ya ta ji muryarta ta ɗaga kai. Makaho. Ruwan ɗaci. Akuya. Leɓenta yana bi. Da ƙarar nan ta zo, waƙa ta yanke, bakinta ya ci gaba da motsi shi kaɗai. Ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa, wuyanta har ya kumbura. Sai ta shiga dukan tabarma da hannun hagu, tana duka, tana duka.

Kellumi ta rungume ta. Ni na tuna ina da aiki a bayan gida. Ba ni da aikin komai a bayan gida.

Litinin, 9 ga Afrilu

Abin mamaki a kasuwa. Ina goge hula a kan kututture, hannu na tafiya gaba da baya, sai Bobboyi ya leƙo ya ce, “Kai maccuɗo, bawan Fulani, kukan me kake yi da yaren nan naku tun ɗazu? Kana kore mini masu saye.”

Na ce ni? Ya ce kai.

Na tsaya. Na sake tura burushin gaba da baya, irin tafiyar dutsen niƙa. Makaho, ruwan ɗaci, akuya. Sai bakina ya ce: rijiyar kuka biyu.

Da Barbarci ya faɗa. Bai nemi izinina ba.

Na rufe rumfa. Bobboyi yana tambaya lafiya, na ce masa ya riƙe kokawarsa, na yafe.

Talata, 10 ga Afrilu

Bayan la'asar na zauna kusa da Ya na ce wa Kellumi ta kawo sabuwar wayarta. Na ce kada wanda ya yi dariya. Jannatu ta fara tun kafin in buɗe baki.

Murya irin ta kwaɗon rani, Barbarci irin na mai ciwon haƙori. Na jero ukun farko, na ƙara kuka biyu. Ya ta zuba mini ido. Na ce rijiyar 'yan mata. Fau! Mafici a gwiwata. Na sake cewa 'yan mata. Fau! Na ce to, to, rijiyar baƙo ce tukun, sannan 'yan mata. Ta sauke maficin.

Hannun hagu ne amma bai san haka ba.

Shida ke nan. Ta bakwai ta ƙi zuwa. Na ce rijiyar sarki, na sha mafici. Rijiyar gishiri, mafici. Na ce rijiyar Bobboyi don a yi dariya, wannan har a kunne. Daga baya ta ajiye maficin ta riƙa caka mini yatsa a ƙirji, tana caka, tana kallona. Na ce, “Na sani, Ya, ni na ɓata, ki yi haƙuri.” Ta rufe ido kamar mai cewa wannan yaron ba zai taɓa hankali ba.

Kellumi ta juye na yau a rumbu uku kafin magariba. Ta ce, “Baba, ashe Kaka ta yi bakaf ɗinta tun shekara hamsin.” Na ce ta yi, sai dai filashin da ta samu jabu ne. Ta yi dariya. Rabon da ta yi mini dariya tun ranar da ta tafi.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Rijiya ta bakwai ba ta zo ba. Na goge hulunan da ba sa buƙatar guga har wani ya yi sheƙi.

Asabar, 14 ga Afrilu

Da safe ina alwala a gindin randa, inda ta faɗi. Na tuna ɗakin niƙa na gidanmu. Ina goye, ko ina zaune a gefe, ban sani ba. Ƙamshin gero. Bayanta yana gaba yana baya. In ta zo ƙarshen waƙar takan juyo ta lakace mini hanci da gari.

Don me take juyowa?

Na bar butar a nan na shiga zaure da ruwa a gemu. Na durƙusa na rera daga farko. Baƙo, 'yan mata. Sannan na ce: rijiyar da Modu zai haƙa.

Babu ita a hanyar kasuwa. Ba a taɓa haƙa ta ba. Kowace mace sunan ɗanta take sakawa a wurin, shi ya sa ta bakwai ba ta da suna ɗaya. Yatsan nan da take caka mini, ba zagi ba ne. Amsa take ba ni, ni kuma ina ba ta haƙuri.

Ba ta ɗaga mafici ba. Ta kama mini hanci da yatsu biyu ta ja. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ba kalma ba ce, amma a kan karin waƙar yake, daidai inda ake sauke dutse.

Kellumi tana bakin ƙofa da waya. Ban san tun yaushe ba.

Babu janareto a gidan nan, don haka ban san me zan ɗora wa laifi ba.

Lahadi, 22 ga Afrilu

Yarinya ta koma Girei da filashinta a jaka. Ta ce za ta rubuta a aikin cewa rabin waƙar daga bakin Kaka, rabi daga bakin ɗanta. Na ce ta sa “Farfesa” a gaban sunan. Ta ce za ta sa “mai shara”.

Akwatin ya dawo falo. Duk Juma'a bayan masallaci ina juye sabon abu a filashi, in buɗe in ji da kunnena, ran Asabar in kai wa Hilda ta sabunta nata. Na cire kokawa. Karta tana nan, mutum ba ya tuba gaba ɗaya.

Da safe yanzu da Barbarci nake gaida Ya. Ba wani abu ba ne, don kada bakin ya yi tsatsa ne. Maficin yana kusa da ita, kuma yana aiki.

Asabar, 28 ga Afrilu

Na kira wani mai haƙar rijiya ya duba bayan gida. Tambaya ce kawai. Jannatu ta daɗe tana ƙorafin 'yan garuwa, ba sa zuwa sai sun ga dama, ga zafin nan. Ba ruwan waƙa a ciki, na gaya mata haka, ta ce ita ta ce wani abu?

Mutumin ya zagaya, ya taka nan ya taka can, ya ce gindin mangwaro akwai ruwa kusa, a fara kafin damina ta sauka. Ya ta yi ta nuni da hannu sai da aka ja mata tabarma zuwa ƙofar baya. Tana can har yanzu, ta ƙi a dawo da ita.

Kafin ya tafi ya fiƙe itace ya kafa turke a wurin, don kada a manta.

Wannan ban sa masa suna ba. Yana da shi tuntuni.